KWANGILA AMANA CE: NASIHA GA MATASHIN DA YAKE GANIN AN ZALUNCE SHI

Muna farawa da sunan Allah. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya haramta wa kanSa zalunci, Ya kuma haramta shi a tsakanin bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, wanda mutanen Makka suka san shi da amana tun kafin a aiko shi, da alayensa da sahabbansa da duk wanda ya bi tafarkinsu har ranar sakamako.



Abin da ya sa na rubuta wannan ɗan littafi shi ne, wata rana bayan sallar La'asar a nan Tudun Wadar Gusau, samari biyu suka tare ni a ƙofar masallaci, ɗaya mutumin Tsafe, ɗaya mutumin Bungudu. Sun haɗa jari sun buɗe shagon sayar da kwamfuta da gyaranta, har sun yi wa kamfaninsu rajista. Wata kwaleji, wadda ba zan kama sunanta ba, ta yi shelar tana neman wanda zai kawo mata kwamfutoci da batura da kayan sola. Suka shiga nema, aka ba wani. Na Tsafen ya ce mini, "Malam, wallahi an cuce mu. Farashinmu ya fi na kowa sauƙi, amma aka ba mai uwa a gindin murhu. Yau ɗin nan zan hau Facebook in kama sunan shugaban kwamitin in tona masa asiri. Ko akwai laifi?"

Ban ce masa e ba, ban ce masa a'a ba. Na ce su zauna, na yi musu tambayoyi uku. Kafin in gaya maka tambayoyin da amsar da suka bayar, bari mu fara aza harsashi, domin na san irin wannan ƙorafi yana cikin zukatan samari da yawa.

FASALI NA ƊAYA: KUƊIN NAN NA WANE NE?

Ka sani, ya ɗan'uwa, kuɗin da kwaleji take sayen na'urori da su ba na shugaban kwaleji ba ne, ba na ma'aji ba ne, ba na gwamna ba ne. Dukiyar jama'a ce, watau abin da malaman fiƙihu suke kira baitulmali. Da yawa daga cikin gine-gine da kayan aikin da kake gani a manyan makarantun gwamnati daga asusun TETFund suke fitowa. Asalin wannan asusu haraji ne da aka ɗora wa kamfanoni a 1993, kashi 2 bisa ɗari na ribarsu, sa'an nan a 2011 aka sake dokar aka keɓe shi ga jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha da kwalejojin horon malamai. Sauran kuɗin kuwa daga kasafin gwamnati ne da abin da iyayenmu suke biya, wani sai ya sayar da akuya, wani sai ya sayar da buhun gero.

Dubi jiharmu tun da aka cire ta daga Sakkwato a 1996. Ga Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013, ga kwalejin horon malamai mata ta tarayya a Gusau, ga kwalejin kimiyyar lafiya a Tsafe, ga ta horon malamai a Maru, ga na kimiyya da fasaha a Kauran Namoda da Talatar Mafara. Ban ambace su don ina tuhumar ko ɗaya daga cikinsu ba, Allah Ya sani. Na ambace su don ka ga yawan 'ya'yan talakawan da suke jiran wannan amana. Tun daga 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta duka a kan kwamfuta. Malamin da zai koya wa ƙaninka na Kwatarkwashi ko na 'Yandoto yadda ake taɓa kwamfuta, a kwaleji shi ma zai koya. To idan kwamfutar da aka saya wa kwalejin gawa ce a cikin sabon kwali, wa aka cuta? Ba ɗan kwangilar da ya rasa kaɗai ba. An cuci yaron da zai zauna gaban na'ura ranar jarrabawa hannunsa yana rawa.

Allah Maɗaukakin Sarki Ya yi umurni a Suratun Nisa'i aya ta 58 da a mayar da amana ga masu ita, kuma a yi hukunci da adalci tsakanin mutane. Kwamitin da ya zauna yana duba takardun masu neman kwangila, hukunci yake yi tsakanin mutane, ko da ba ya sanye da rawanin alƙali. A Suratu Ali Imrana aya ta 161 kuma Allah Ya ba da labari cewa wanda ya yi gululu, watau ya ɓoye wani abu na dukiyar jama'a, zai zo da shi ranar Alƙiyama. Muslim ya ruwaito daga Adiyyu ɗan Amira cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shigar da ko allura ce cikin wannan hukunci ga wanda aka ba aiki. Allura fa! To ina ga kwamfuta ɗari?

FASALI NA BIYU: YADDA AKE YIN HA'INCIN

Dole ne ka san cuta kafin ka ce za ka yi maganinta. Ga hanyoyin da aka fi bi, kuma kowace ɗaya shari'a ta riga ta yi magana a kanta tun ba a ƙera kwamfuta ba.

Ta farko, a ɗinka rigar daidai wuyan mutum ɗaya. A rubuta sifofin kayan da ake so ta yadda ba mai iya kawo su sai wanda aka riga aka shirya da shi, ko a liƙa sanarwar a inda ba mai gani, ko a raɗa wa mutum ɗaya adadin kuɗin da aka ware. Wannan yaudara ce, an tara mutane tsere alhali an riga an miƙa tutar.

Ta biyu, mutum ɗaya ya shigo da kamfani uku. Ɗaya da sunansa, ɗaya da sunan matarsa, ɗaya da sunan yaron shagonsa. Biyu su tsauwala farashi da gangan don na ukun ya zama kamar mai rahusa. Ka san wannan a kara: dillali ya sa abokinsa ya riƙa taya sa alhali ba saye zai yi ba, don a ruɗi mai saye na gaskiya. Sunansa najashu, kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Annabi ya hana shi. Canja masa wuri daga kara zuwa ofis bai canja masa hukunci ba.

Ta uku, a daddatsa babbar kwangila ta koma ƙanana, don kada ta kai adadin da doka ta ce sai an yi shela kowa ya shigo.

Ta huɗu, ha'inci wajen kawo kaya. A takarda an rubuta sabuwa, a kwali kuwa ta gwanjo ce aka goge aka liƙa mata leda. An rubuta ƙwaƙwalwa mai giga 8, an kawo mai 4. Batirin da aka ce zai yi shekaru ya mutu kafin damina ta zagayo. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi ya cusa hannunsa cikin tsibin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, busasshe a sama, ya tsawata wa mai shi, ya kuma nesanta mai algus daga kansa. Sabon kwali a kan tsohuwar na'ura shi ne busasshen hatsin da aka rufe jiƙaƙƙe da shi.

Ta biyar ita ce uwarsu duka: kashe-mu-raba. Kashi goma na wane, kashi biyar na wane. Ana kiransa na goro, ana kiransa alheri, ana kiransa godiya. Allah Ya hana cin dukiyar mutane da ƙarya da miƙa ta ga mahukunta a Suratul Baƙara aya ta 188. Bukhari da Muslim sun kawo labarin Ibnul Lutbiyya, wanda Annabi ya aika karɓar zakka, ya dawo ya ware wani kashi ya ce wannan kyauta aka yi masa. Annabi ya hau mumbari ya tambaya, me ya hana shi zama gidan uwarsa da ubansa ya ga ko kyautar za ta iske shi can? Ma'aikacin kwaleji ya tambayi kansa haka: ran da ya yi ritaya, wannan ɗan kwangila zai kawo masa ragon Sallah? Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a wannan ƙasa ta Zamfara, ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu mulki cikin miyagun al'adun da ya soka a littafinsa Kitabul Farƙi. Ashe ba sabon ciwo ba ne, kaya kawai ya canja.

FASALI NA UKU: SHIN YA HALATTA KA YI JAYAYYA?

Wasu za su ce maka, "Ka bar wa Allah, rabonka ne bai tsaga ba." Imani da ƙaddara wajibi ne, kuma gaskiya ne ba mai cin arzikin wani. Amma barin ɓarna ta wuce da sunan haƙuri ba tawakkali ba ne. Allah Ya ba wanda aka zalunta izinin bayyana abin da aka yi masa a Suratun Nisa'i aya ta 148. Annabi ya umurci wanda ya ga abin ƙi ya gyara shi gwargwadon ikonsa, ya kuma karantar da mu cewa taimakon azzalumi shi ne a riƙe hannunsa. Kuma da haƙƙinka ne kai kaɗai, kana da ikon yafewa. Haƙƙin ɗalibai fa, wa ya ba ka izinin yafe shi?

Saboda haka jayayya halal ce, wani lokaci ma wajibi ce. Amma tana da sharuɗɗa, kuma su ne tambayoyi ukun da na yi wa samarin nan.

Tambaya ta farko: me kuka gani da idonku? Suka ce, kowa ya san wanda aka ba abokin shugaban kwamiti ne. Na ce "kowa ya sani" ba shaida ba ce. Kun halarci buɗe takardu? Suka ce ba su je ba, suna shago. Kun rubuta kun nemi a gaya muku dalilin da ya sa aka ƙi ku? Suka ce a'a. To ka ji. Ƙa'idar shari'a ita ce hujja tana kan mai da'awa. Suratul Hujurati aya ta 6 ta yi umurni da bin diddigin labari kafin a afka wa mutane cikin jahilci a dawo ana nadama, aya ta 12 kuma ta yi gargaɗi a kan yawan zato. Sa'an nan ka sani, rahusa kaɗai ba ta ba mutum kwangila. Abin da doka ta ce shi ne mafi sauƙin farashi cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa. In takardar harajinka ba ta cika ba, ko kayan da ka yi tayi ba su kai sifar da aka nema ba, to an ƙi ka da gaskiya ko da kyauta za ka ba su. Lokacin da Annabi ya aika Sayyidina Ali Yaman, ya hore shi kada ya yanke hukunci sai ya ji ta bakin na biyu kamar yadda ya ji ta na farko. Kai kuwa kana so ka zama mai ƙara, ka zama shaida, ka zama alƙali, ka kuma zartar da hukunci a waya cikin dare ɗaya.

Tambaya ta biyu: ku hannunku tsarkakakke ne? Nan suka yi shiru. Can na Bungudun, Allah Ya saka masa da alheri a kan gaskiyarsa, ya ce sun ba wani akawu ɗan abin shan ruwa don ya leƙa musu adadin da aka ware, kuma sun ari takardun kamfanin wani abokinsu sun jefa tayi na biyu. Na ce subhanallahi! Ashe ba kukan zalunci kuke yi ba, kukan an fi ku iyawa kuke yi. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito daga Abdullahi ɗan Amru bai la'anci mai karɓar rashawa shi kaɗai ba, ya haɗa da mai bayarwa. Ba ma'aikaci ne yake ba kansa cin hanci ba, mu ne muke kai masa har gida. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Tambaya ta uku: da ku aka ba ta wannan hanya, da za ku zo ku tambaye ni? Wannan ita ce ma'aunin niyya. Mai neman adalci yana son a gyara tsarin ko da gyaran zai kai kwangilar hannun wani na uku da bai sani ba. Mai neman rabonsa kuwa, ana yaga masa wani yanki a ce ya kawo firinta goma, sai ka ji tsit. Allah Ya gargaɗe mu a Suratul Ma'ida aya ta 8 kada ƙin wasu mutane ya sa mu bar adalci, Ya kuma umurce mu a Suratun Nisa'i aya ta 135 da tsayuwa kan gaskiya ko a kan kawunanmu ne ko iyaye ko dangi.

FASALI NA HUƊU: ƘOFAR DA ZA KA BI

In ka tsallake waɗannan tambayoyi, to ka shiga gida ta ƙofa. A 2007 aka kafa dokar sayen kayan gwamnatin tarayya, aka kuma kafa hukumar da take sa ido a kai, wadda ake kira BPP. Makarantun tarayya suna ƙarƙashin wannan doka, na jiha kuwa sai ka nemi dokar jiha ka karanta. Jahiltar haƙƙinka ba tsoron Allah ba ne. Ga abin da dokar tarayya ta ba ka:

Za a buɗe takardun tayi a bainar jama'a da zarar wa'adi ya cika, a gaban masu nema ko wakilansu, a kira sunan kowane kamfani da kuɗin da ya rubuta da ƙarfi kowa ya ji. Ka rufe shago ka je, da biro da takarda, ka rubuta abin da ka ji. Gani ya kori ji.

Dole a gayyato masu sa ido aƙalla biyu daga waje, ɗaya daga ƙungiyar masana wannan fanni, ɗaya daga ƙungiya mai zaman kanta.

Wanda bai samu ba yana da ikon ya nemi a bayyana masa dalili.

Kowane mai nema yana yin rantsuwa a rubuce ya bayyana ko wani ma'aikacin wurin yana da hannu a kamfaninsa. Ka ji tsoron Allah a wannan takarda. Rantsuwar ƙarya da ake cin dukiya da ita tana cikin manyan zunubai, an kira ta mai dulmuyarwa domin tana dulmuyar da mai ita cikin wuta.

In kana da ƙorafi, ka rubuta wa shugaban makarantar cikin ranakun aiki 15 daga ran da ka san abin da ya faru. Shi kuma yana da ranakun aiki 15 ya ba ka amsa a rubuce. In ba ka gamsu ba, kana da ranakun aiki 10 ka kai wa BPP, ita kuma za ta dakatar da aikin ta yanke hukunci cikin ranakun aiki 21. In har yanzu ba ka gamsu ba, kana da kwana 30 ka tafi Babbar Kotun Tarayya. Ka lura da ranakun nan ƙwarai. Mutum nawa ne suka ƙare wa'adinsu a majalisar mai shayi suna zage-zage, ran da suka ɗauki alƙalami ƙofa ta riga ta rufe?

Dokar ta sa ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba ga ma'aikacin da aka kama da haɗin baki ko sauya takardu ko daddatsa kwangila, tare da kora daga aiki. Kamfani kuwa a hana shi kwangila shekara 5 ko fiye, ya kuma biya tarar kashi 25 bisa ɗari na kuɗin aikin. Akwai kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba ma'aikatar tarayya kwana 7 ta amsa wa wanda ya nemi bayani, ko ɗan kwangila ne ko ɗalibi. In abin ya kai ga rashawa ƙarara kuma kana da shaida, ga hukumar ICPC da aka kafa a 2000.

Ka rubuta takardarka da ladabi. Ka faɗi rana, ka faɗi abin da ka gani, ka faɗi sharaɗin da aka saɓa, ka ajiye kofi mai hatimin karɓa. Kada ka zagi uban kowa, kada ka jawo ƙabila ko jam'iyya ko garin da mutum ya fito. Kada ka ƙara gishiri don maganarka ta yi nauyi. Ummu Salama ta ruwaito cewa Annabi ya yi gargaɗi, wani yakan fi abokin shari'arsa iya tsara magana a yanke masa abin da ba nasa ba, to yankin wuta ne aka yankar masa. Nasarar da aka samu da ƙarya ba nasara ba ce.

Za ka ce, "Malam, ko na rubuta ba abin da za a yi." Mai yiwuwa ne a yi, mai yiwuwa ne a ƙi. Ba a ɗora maka sakamako ba, an ɗora maka faɗin gaskiya ta hanyar gaskiya. Kuma kwamitin da ya san akwai samari masu zuwa da biro da takarda, ba zai yi barci irin na wanda ya san ba mai zuwa ba.

KAMMALAWA

Na ce wa samarin nan su fara da tuba, su gaya wa abokinsu ba su ƙara aron takardunsa, su daina kai wa akawu abin shan ruwa. Sa'an nan su rubuta su nemi dalilin da ya sa aka ƙi su, in sun ga saɓa wa doka su bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ko da binciken zai tono nasu laifin. Na Tsafen ya mayar da wayarsa aljihu, ya ce abin da wuya. Na ce ƙwarai da wuya, shi ya sa yake da lada.

Ya kai ɗan'uwana, a nan Gusau aka yi taron ƙaddamar da shari'a ranar 27 ga Oktoba 1999, mutane suka zo daga ko'ina suna kabbara. To shari'a ba ta tsaya kan ɓarawon saniya ba. Tana shiga ɗakin da kwamiti yake zama, tana buɗe kwalin kwamfuta, tana karanta takardar ƙorafinka, tana kuma duba zuciyarka lokacin da kake rubuta ta. Yau kai ne a bakin ƙofa kana kuka. Gobe, in Allah Ya ja kwana, kai ne ma'aji, kai ne shugaban kwamiti, wani yaro ne zai tsaya a bakin ƙofarka. Abin da kake so a yi maka yau, shi za ka yi masa.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon binta, Ya nuna mana ƙarya Ya ba mu ikon guje mata. Allah Ya wadata mu da halal ga barin haram. Allah Ya shiryi shugabanninmu da ma'aikatanmu da 'yan kasuwarmu, Ya zaunar da Zamfara da Nijeriya lafiya. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne, ina neman gafararSa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.